Tantin da Aka Naɗe a Jiƙe

Tun kafin Hidde ya gama kwance bakin jakar tantin, warin ya riga ya isa hancin Renske. Ba ƙanshin da ta saba ji duk shekara ba ne, na busasshen yadi da ƙurar ɗakin ajiya. Wannan warin tsumman da aka manta a bokiti ne. Ta ajiye kwandon kwanukan da ke hannunta a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta matso.

Tun daga garinsu Leeuwarden ake yayyafi, kuma ba wanda ya damu, don in mutum zai jira rana ta fito kafin ya tafi hutu a ƙasar nan, to a falonsa zai tsufa. Duk shekara nan suke zuwa, gonar wani manomi a lardin Drenthe da ya mayar da filin bayan gidansa wurin kafa tantuna, kuma gindin itatuwa ɗaya suke kamawa. Ita da mijinta Hidde, da 'ya'yansu mata biyu, Famke da ƙanwarta Nynke, sai mahaifiyar Hidde, Kaka Aukje, wadda ba a taɓa gayyatarta ba, ba a kuma taɓa samun ƙarfin halin barinta a gida ba.

Hidde ya warware tantin a ƙasa. Gefe guda na rufin ya yi dabbare-dabbare da baƙar fumfuna, tun daga sama har bakin ƙofa.

"Wayyo ni Aukje!" Tsohuwar ta dafe ƙirji a cikin rigar ruwanta. "Wa ya yi wa tantin mijina wannan aika-aika? Renske, a jiƙe kika naɗe shi?"

"Na shanya shi, Mama."

"Kin shanya shi, shi ne ya yi wa kansa zane don kwalliya? Tun Hidde bai iya tafiya ba aka sayi tantin nan, bai taɓa yin ɗigon baƙi ba sai da ya zo hannun 'yan zamani."

Duk wanda ya tashi a gidan masu tantin auduga ya san doka ɗaya tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi: ba a ajiye tanti da danshi. In ruwa ya tilasta ka naɗe shi a jiƙe, to ranar da ka isa gida, ko takalmi ba ka cire ba, sai ka hau da shi ɗakin ƙarƙashin rufi ka baza shi a kan katakai har ya bushe ƙarau. Renske ba a gidan tanti aka haife ta ba, aure ne ya kawo ta, shi ya sa ta fi 'yan gidan kiyaye dokar. Bara da hannunta ta shanya shi. Ta tuna yadda ta riƙa hawa tana shafa ɗinkin da bayan hannu. Ta tuna ranar da ita da Hidde suka ninke shi gida uku, ƙofa a ciki, igiyoyi kowace a ɗaure, suka kai shi 'yar tirelar da suke ja da mota, wadda ke gareji a ƙarshen layi.

Wannan kuwa nannaɗe shi aka yi kamar tabarma, aka cusa igiyoyin a dunƙule.

Ta dubi Hidde. Ta ba shi dama ya ce wa uwarsa ba laifin matarsa ba ne, tunda tare suka naɗe. Mutumin ya sunkuya yana warware igiya da natsuwa, sai ka ce a kan igiyar aka aiko shi duniya.

Da ta zazzage jakar turaku, farin yashi ya biyo su, da 'yan gutsattsarin ɓawon katantanwar teku. A Drenthe dai babu teku. Ta tattara su a tafin hannu, ta zuba a aljihun rigar ruwanta, ba ta nuna wa kowa ba.

Kafa tantin nan aikin mutum biyu ne, kowa a dangin ya sani. Ɗaya zai shiga ƙarƙashin yadin cikin duhu ya ɗaga sandar gaba ya riƙe ta a tsaye, ɗayan ya saƙala doguwar sandar sama, ya tayar da ta baya, ya zagaya yana buga turaku. In na ciki ya saki, komai ya rufto. Marigayi mahaifin Hidde, duk ƙarfinsa da taurin kansa, ya taɓa gwadawa shi kaɗai wata shekara da suka yi faɗa da Aukje, sai da maƙwabta suka zaro shi daga ƙarƙashin yadi yana zage-zage. Har yau labarin ake bayarwa a bukukuwan gidan.

Renske ta shiga ƙarƙashin yadin, ta kama sandar. Warin fumfuna ya cika mata baki. A nan tsaye, yadi mai nauyi a kanta, tana jin bugun gudumar mijinta a waje, lissafin ya haɗu da kansa. An fitar da tantin nan bayan ta ajiye shi. An kai shi bakin teku. Mutum biyu ne ke da makullin gareji, ita da Hidde. Kuma wata ta tsaya daidai inda take tsaye yanzu, ta riƙe masa wannan sandar.

Ta riƙe sandar da kyau har ya ce ta saki.

Ruwa bai ɗauke ba ranar, bai ɗauke washegari ba. Irin ruwan nan ne mara zuciya, ba ya zuba da ƙarfi ya wuce, sai dai ya yi ta tsiyaya kamar famfon da ya lalace. Safa ba ta bushewa, gishiri ya dunƙule, burodi ya yi laushi. Ta gefen da fumfuna ta ci, yadin ya fara yoyo, suka jera tukwane biyu a ƙasa. Su biyar a ɗaki ɗaya na yadi, gwiwa na gugar gwiwa, ana karta ana shan kofi.

Renske ta so ta yi adalci, don haka ta fara da Famke. Yarinyar ta kai shekarun da ake ɓoye wa uwa abubuwa. Ta tare ta a hanyar banɗaki, ƙarƙashin lema ɗaya.

"Ke, tsaya. Ko kun ari tantin nan ke da ƙawayenki?"

Famke ta dube ta sama da ƙasa. "Mama, ni? Ni da nake addu'ar Allah ya sa ya ƙone? In zan saci wani abu a gidanmu ai ba wannan kabarin zan sata ba. Kuma a kaina zan ɗauko shi, ko a keke?"

Gaskiya ce, yarinyar ko tuƙi ba ta iya ba. Renske ta ji haushin yadda amsar ta zo da sauƙi, don ta so ƙwarai a ce Famke ce.

Sai ta koma kallon Hidde. Aikinsa duba madatsun ruwa ne a bakin teku, kuma kusan kowane wata yakan yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Ba ta taɓa tambaya ba. Mutum ne da in ka ajiye shi a kujera da safe, a nan za ka same shi da yamma. Yanzu kuwa komai nasa ya zama abin dubawa. Me ya sa yake tafiya banɗaki da waya a aljihu? Yaushe ya sayi wannan sabon filas? Me ya sa da aka bar shi ya kunna risho a cikin iska, ya kare wutar da jikinsa ya kunna ta a ashana ɗaya, shi da bara sai ya ƙarar da rabin kwali? Akwai wata Marrit a wurin aikinsu, doguwa mai dariya da ƙarfi, da ta taɓa cewa a wata liyafa ita babu abin da take so kamar kwana a bakin teku. A lokacin Renske ta yi murmushi ta miƙa mata cuku. Yanzu tana kwance a kan katifar iska tana jin muryar matar raɗau a kunnenta.

Abin da ya fi cin rai shi ne babu wurin faɗa. A filin tantuna bango yadi ne. Tarin maƙwabci kana ji, buɗe kwalbarsa kana ji, kuma da safe kowa zai gaishe ka da fuska a sake kamar bai ji komai ba, alhali ya ji har da abin da ba ka faɗa ba. Mutanen kirki ba sa ɗaga murya a tanti. Renske ta haɗiye maganarta har ta fara yi mata ɗaci, Kaka Aukje kuma ba ta bar ta ta huta ba.

"Nynke, matsar da tukunyar nan, ruwan mamanki na ɗiga a kan ƙafata."

"Kaka, ai ruwan sama ne."

"Ruwan sama a waje yake tsayawa, 'yar nan, sai in an buɗe masa ƙofa."

Hidde ya raba karta, idonsa a ƙasa.

Da yamma bayan sun ci dankali da tsiran nama, Renske ta tattara kwanuka ta dangwara masa kwandon a cinya.

"Tashi, yallaɓai. Yau tare za mu wanke."

Wurin wanke-wanken rumfa ce mai rufin kwano a bayan rumbun manomin, wani ƙaton ɗakin ajiyar kayan gona. In ana ruwa, ƙarar kwanon na rufe kowace murya, shi ya sa duk auren da ke da matsala a filin nan a rumfar ake jin labarinsa, ko kuma a ce ba a ji. Babu kowa sai su. Ta buɗe famfo, ta sa hannu a aljihu, ta zube masa ɓawon katantanwar a gefen kwatami.

"Wace ce?"

Ya dubi ɓawon. Kunnuwansa suka yi ja.

"Babu kowa, Renske."

"Kar ka raina mini hankali. Ka bar uwarka tana yanka ni gaban 'ya'yana kwana da kwanaki, kana zaune kamar an dasa ka. Ka fitar da tantin ko ba ka fitar ba?"

"Na fitar."

"Ka kai shi bakin teku."

"Na kai. Ruwa ya kama ni ranar dawowa. Ba yadda zan hau da shi sama in shanya ba ki gani ba. Na ce zan koma in fito da shi in rana ta fito, sai abubuwa suka sha kaina."

"Abubuwa. Marrit ce abubuwan?"

"Marrit?" Ya ɗago da mamaki na gaske, ko kuma mamakin da aka yi wa atisaye, ta kasa bambancewa. "Me ya kawo Marrit? Ni kaɗai na je."

Dariya ta kufce mata, mara daɗi. "Kai kaɗai. Wannan tantin. Wanda ya kayar da babanka ƙasa. Hidde, in za ka yi mini ƙarya, ka yi wadda za ta shiga kunne mana. Wa ya riƙe maka sanda? Aljani?"

"Na ce miki ni kaɗai ne."

Sai ga wata mata ta shigo da bokitin kwanuka da yaro a gefe, ta ce musu sannu da ruwa. Renske ta amsa da fara'a har da tambayar ko tantinsu na yoyo. Suka wanke kwanukan tsaf, ita tana cuɗawa shi yana gogewa, kamar ma'auratan da ake misali da su.

Da gari ya waye, gindin itatuwan nasu ya zama tafki. Ruwa ya taru a ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa, in ka taka sai ta yi motsi, takalmin Nynke ɗaya ya yi iyo har ƙofar maƙwabta. Manomin ya zo cikin dogayen takalmansa, ya tsaya ya dubi abin, ya ce tun kakansa wannan kwarin bai taɓa cika haka ba, abin da yake faɗa duk shekarar da ya cika. Ya nuna musu tudu a ƙarshen filin kusa da shingen shanu, ya ce su koma can. Matarsa kuma ta buɗe rumbu tana soya wa yaran filin fanke.

Suka kwashe kaya zuwa mota, suka sauke tantin, suka ja shi zuwa tudun su huɗu, yana zubar da ruwa, nauyinsa ya ninka. Kaka Aukje na biye da su da lema tana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

"Mama, ki tafi da yaran rumbu su ci fanke," in ji Renske. "Mu za mu kafa."

"Ki riƙe sandar da kyau dai. Kin ga abin da sakaci ya jawo."

Sai da suka yi nisa Renske ta juyo. Hidde ya ɗaga bakin yadin yana jira ta shiga kamar kullum. Ta zura hannuwa a aljihu, ta ja da baya ta jingina da shingen.

"Bismillah, yallaɓai. Kafa."

"Renske, ana ruwa."

"A bakin teku ma an yi ruwa, in ji ka. Kafa in gani. In ya tsaya, na yarda da kai, ba zan ƙara ambatar sunan kowa ba. In ya faɗi, yau zan ɗauki yarana in koma gida, ka san abin da za ka gaya wa uwarka."

Ta faɗe shi da murya a dake. Sai a lokacin ta gane irin ramin da ta haƙa wa kanta. Tana so ya tsaya. Duk abin da ta mallaka za ta bayar tantin nan ya tsaya. Kuma ta san ba zai tsaya ba, don ta ga ƙarti sun gwada.

Hidde ya dube ta. Ya tafi mota, ya ɗaga kujerar direba, ya dawo da wata shuɗiyar igiya da ba ta taɓa gani ba.

Ya fara da kusurwa huɗu, ya buga turakunsu. Ya zura tsakiyar shuɗiyar igiyar a kan sandar gaba, ya ja bakinta biyu hagu da dama, ya kafe kowanne a ƙasa ba tare da ya auna ba. Ya shiga ƙarƙashin yadin. Renske ta ga tudun bayansa na tafiya a ciki, sannan gaban tantin ya miƙe, igiyar ta ɗaure tamau, sandar ta tsaya da kanta babu mai riƙe da ita. Tudun ya matsa baya, doguwar sandar sama a kafaɗarsa, ta ji ƙarar ƙarfe ya shiga ƙarfe, bayan tantin ya tashi. Iska ta taso daga wajen shanun ta bugi yadin, ya kumbura, ya girgiza, ya tsaya.

Ya fito ta ƙofa gashinsa a jiƙe, ya zagaya da guduma. Kafin ruwan da ke kan hularta ya gama gangarowa wuyanta, tantin na tsaye, a miƙe, ya fi yadda suke kafa shi su biyu kyau.

Wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Babu Marrit. Babu kowa. Ta ji kunya, ta ji dariya, ta ji kamar ta ruga ta rungume wannan sakaran mutum da ya gwammace a zarge shi da neman mata da ya buɗe baki ya yi bayani.

"Kai, Hidde!" Ta taho tana dariya, hawaye na haɗuwa da ruwa. "Amma kai ɗan duniya ne! Babanka na can yana cizon yatsa. Wa ya koya maka wannan dabara?"

"Ni na gano ta. A hankali."

Ta kai hannu ta shafa shuɗiyar igiyar, tana shirin yi masa tsiya. Sai dariyar ta tsaya. Igiyar ta koɗe, rana da gishiri sun cinye launinta. Ƙullin da ke bakinta biyu ya daskare ya yi ƙarfi kamar dutse, irin ƙullin da aka ja aka sake ja har ba mai iya kwance shi. Inda take zama a kan sandar ya sule ya yi santsi. Wannan ba igiyar tafiya ɗaya ba ce.

"Sau nawa?" Muryarta ta sauka.

Ya juya gudumar a hannunsa. "Ban ƙirga ba."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da Nynke ta shiga makaranta. Ba duk tafiyar aiki ba ce aiki. Wasu aiki ne. Wasu kuma..." Ya nuna tantin da haɓa. "A da nakan dace da rana, ya bushe kafin in naɗe."

"To me kake yi a can?"

"Ba komai. In kafa, in dafa kofi, in zauna a ƙofa ina kallon ruwa. Ba mai kirana. Ba mai tambayata me nake tunani."

Renske ta saki igiyar. Kwanakin nan duka ta yi su tana wasa wuƙarta saboda mace. Ta tanadi abin da za ta ce wa Marrit, da abin da za ta ce masa, da yadda za ta fice da mutuncinta. Da mace ce, da ta san abin yi, ko ta yi yaƙi ko ta tafi. Amma mutumin nan ba wajen wata yake zuwa ba. Tashi yake yi ya ɗauki ɗakin da suke kwana su duka, ya kai shi inda ba ta, ya zauna a ciki, shekara da shekaru, kuma ya dawo ya ci abincinta ya ce aiki ya yi yawa. Tsoro ya kama ta, wanda ya fi na jiya nesa ba kusa ba.

"Me ya sa, Hidde? Me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba." Ya share ruwa daga fuskarsa. "Farko so na yi in gwada wani abu. In ga in na yi nisa, ko zan yi kewar gida."

Daga can rumbun ana jin hayaniyar yara da ƙarar cokula. Ta san bai kamata ta tambaya ba. Mutum ne da bai iya ƙarya ba sai ta hanyar shiru, kuma yau ta riga ta fasa shirun da hannunta.

"To, ka yi?"

Ya dubi turken da ke gaban takalminsa.

"Na yi kewar yaran," ya ce.

Ta tsaya tana jiran sauran maganar. Hidde ya durƙusa ya kama wata igiya da ta riga ta ɗauru, ya shiga ƙara mata ƙarfi. Ta ci gaba da jira, ruwa na bin wuyan rigarta yana gangarawa bayanta, har ta tabbata babu saura.